Yadda Za Ki Zaɓi Siket Ɗin Da Zai Zauna Miki: Daga Sayen Yadi Zuwa Ranar Sawa

Yawancin siket ɗin da ke kwance a ƙasan akwati, an sa su sau ɗaya an jingine, ba munin yadi ne ya kai su can ba. An ga hoto ne a waya, aka tura wa tela, aka ce "irin wannan nake so." Ita mai hoton a tsaye take, ta gyara tsayuwa, ba ta taka ko'ina ba. Ke kuwa za ki shiga adaidaita sahu, za ki zauna a tabarma a gidan biki, za ki tsallake kwata, za ki yi ruku'u da sujada. Siket ɗin da bai bar ki kin yi waɗannan cikin natsuwa ba, komai kyansa, asarar yadi ne da kuɗin ɗinki. Shi ya sa na fi son a faro daga zirga-zirgarki, sannan yadi, sannan a zo kan salo.

Mataki na farko: ina za ki da shi?

Ki amsa wa kanki wannan tun kafin ki je kasuwa. Na zuwa aiki ne ko makaranta, inda za ki wuni a ciki? Na anko ne, da za ki sa na 'yan sa'o'i ki tuɓe? Na zaman gida ne da karɓar baƙi? Kuma da me kike fita, motar gida ko abin hawa na haya? Wadda ke hawa babur tana buƙatar faɗi a ƙasa fiye da kowa. Na anko zai iya ɗaukar ɗan matsi da ado. Na kullum ba zai ɗauka ba.

Mataki na biyu: yadin ne ke da ta cewa

Atamfa auduga ce, ba ta miƙewa, kuma tana da ɗan ƙarfi, don haka tana riƙe siffar da aka yanka mata. Turmi ɗaya yadi 6 ne, faɗinsa wajen inci 46 zuwa 48. Wannan faɗin shi ne ake mayarwa tsawon siket, kamar yadda ake yi wa zani, shi ya sa mace mai matsakaicin tsawo take samun dogon siket har idon sawu ba tare da an yi ƙari ba. Idan kin shiga Kantin Kwari ko wata kasuwar yadi, kada ki tsaya kan launi kaɗai. Ki sa a warware miki ko da yadi biyu ne, ki ja baya ki dubi zanen. Manyan furanni da manyan da'irori suna son salon da ba a daddatsa su ba. Ƙananan zane suna jure kowane irin yanka. Ki kuma duba ko zanen yana da sama da ƙasa, kamar tsuntsu ko fitila ko reshe, domin irin wannan ya fi cin yadi, tunda ba a juya shi.

Leshi yana zuwa da adon bakinsa, kuma wannan bakin shi ne ƙasan siket, ba a yi masa kalmasa. Ma'ana idan tsawo ya yi yawa, daga ƙugu za a rage, sai an kwance zif da komai. Don haka awon tsawo a leshi ba ya son kuskure. Shadda kuwa tana da tauri da sheƙi, kuma idan aka kwance ɗinki a jikinta sawun allura yana zama. Ba ta son matsi, ta fi kyau a salon da ya sauka a sake. Yadin da ake kira matiriyal iri-iri ne: mai laushi da zubi shi ne na baza da tattara, mai kauri da ɗan miƙewa shi ne na siket madaidaici.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa: auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. In siket ɗin mai kama jiki ne, ki jiƙa atamfar a ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, ki goge kafin ki kai ɗinki. A nan ne ma za ki gane ko mai zuba ce. Takardar da ake manna mata kuma, ki ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin, gam ɗin zai saki ta ɓare ba tare da ta bar tabo ba.

Mataki na uku: salon kansa

*Madaidaici da fensir.* Madaidaici yana sauka daga mazaunai zuwa ƙasa da faɗi ɗaya. Fensir kuma yana ƙara tsukewa yayin da yake sauka. Su ne mafi ƙarancin cin yadi, yadi ɗaya da rabi zuwa 2 ya isa yawancin mata, kuma suna barin zanen atamfa ya fito cikakke a gaba. Matsalarsu taki. Fensir ɗin da aka sani a Turai, tun zamanin da mai tsara tufafi ɗan Faransa Christian Dior ya fito da shi a 1954, iyakarsa ƙasan gwiwa kaɗan. Mu kuwa har idon sawu muke kai shi, kuma duk inda siket ya ƙara tsawo bai ƙara faɗi ba, ƙafa ce ke biya. Za ki ga mace tana tafiya kamar wadda aka yi wa dabaibayi, ta zo bakin adaidaita sai ta tattare shi har gwiwa kafin ta iya ɗaga ƙafa, suturar da aka yi dogon dominta ta tafi. Maganin da teloli suka saba shi ne tsaga a baya. In ba kya son ƙafarki ta fito, ki ce a toshe tsagar da wani ƙyalle mai ninki daga ciki: kina tsaye yana rufe, kina takawa yana buɗewa, ba a ganin komai. Ni a wurina dogon siket madaidaici bai kammala ba sai da wannan.

*Mai siffar A.* Yana kama ƙugu, ya bi mazaunai a sake, sannan ya riƙa buɗewa a hankali har ƙasa. Idan za ki ɗinka siket ɗaya tak a bana, wannan ne. Yana karɓar mai jiki da siririya, ba ya buƙatar tsaga, ana sallah da shi hankali kwance, kuma yadi 2 zuwa 2 da rabi ya ishe shi. Ya dace da atamfa, ya dace da shadda. Abin lura ɗaya ne: gefensa yakan fi tsakiya tsawo in ba a lanƙwasa bakin ba, sai ki ga kusurwa biyu suna jan ƙasa ta dama da hagu. Tela mai hankali yana ɗan ɗage gefen ya zagaye bakin.

*Mai yanka shida.* Wannan shi ne siks-fisis da ya daɗe yana mulkin riga da siket a bukukuwanmu, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan aka fi ɓata yadi. Ana yanka shi gida shida, uku gaba uku baya, kowanne ya bi jiki daga ƙugu zuwa cinya, sannan ya baje daga wajen gwiwa. Akwai mai yanka takwas, wanda ya fi bin jiki da laushi. Duk kyansa da wahalarsa suna wuri ɗaya: inda bazawar ta fara. In ta fara daga ƙasan gwiwa, gwiwoyinki a ɗaure suke, ba zama mai daɗi, ba hawa bene, kuma ɗinkin wurin ne zai fara ɓarkewa. Ki ce a fara buɗewa inci 3 zuwa 4 a saman gwiwa. Siffar tana nan yadda kike so, ƙafa kuma ta samu wuri. Gajeriyar mace ma ta fi amfana da hakan, domin bazawar da ta faro daga sama tana ƙara wa ƙafa tsawo a ido.

Yana cin yadi 2 da rabi zuwa 3, wani lokaci fiye, gwargwadon girman bazawar. Don a rage cin yadi, wasu teloli sukan juya yanka ɗaya sama ɗaya ƙasa su cusa su cikin juna. A yadi marar zane ko mai zanen da ba shi da kai da gindi, dabara ce mai kyau. A atamfa mai tsuntsaye kuwa, sai ki karɓi siket tsuntsun tsakiya yana tashi sama na gefe yana kifawa ƙasa. Ki faɗa tun farko cewa zanen ya fuskanci wuri ɗaya, kuma babbar furen ta zauna a tsakiyar yankan gaba, ko da hakan zai sa a rage girman hannun riga. In zanen manya ne ƙwarai, gara ki bar wannan salon ki koma mai siffar A.

*Mai baza.* Wanda ake yanka a da'ira, cikakkiya ko rabi. Ga lissafinsa don ki san abin da kike nema. A cikakkiyar da'ira ana raba awon ƙugu da 6.28, a samu nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakin ƙugu. Mai ƙugu inci 32 za ta samu kusan inci 5, a haɗa da tsawon siket inci 40, ya zama 45. Da'ira mai wannan girman tana cinye yadi 5 cikin 6 na turminki, ba riga ba ɗankwali. Shi ya sa dogon mai baza ya fi dacewa da matiriyal mai laushi mai faɗin inci 60, kuma rabin da'ira ta wadatar. Sannan a da'ira wani sashen yadin yana faɗowa a karkace, wannan sashen yana saki ya ƙara tsawo. Dole a rataye siket ɗin kwana ɗaya kafin a daidaita bakinsa a yi kalmasa. In aka yi gaggawa, bayan sati bakin zai zama wani wuri dogo wani gajere.

*Mai tattara da mai ninki.* Tattara tana da sauƙin ɗinki, tana da daɗin sawa a zafi, amma tana tara yadi a ƙugu. Siririya za ta ji daɗinta. Mai tumbi ko mai faɗin mazaunai ta sa a yi mata shimfiɗaɗɗen yanki daga ƙugu zuwa inci 6 ko 7, tattarar ta faro daga nan. Mai ƙananan ninki da ake sayarwa a ɗinke kuwa, yadin roba ne aka kama ninkinsa da zafi, shi ya sa ba ya warwarewa a wanki. Kada ki sa ran atamfa za ta riƙe irin wannan, kowane wanki sai an sake bin ninkin da guga.

*Mai kamar zani.* Siket ne da aka ɗinke ƙugunsa, aka bar shafe ɗaya ya hau kan ɗaya a gaba, bakin ya ƙare ta hagu yadda aka saba ɗauri. Yana ba ki kamalar zani ba tare da fargabar kwancewa ba, kuma iyaye mata da yawa da ba sa son siket suna karɓarsa. Sharaɗinsa shafen ciki ya ratsa gaban gaba ɗaya har ɗaya gefen. In an yi rowar yadi a nan, iska ɗaya ko zama ɗaya zai buɗe shi.

Mataki na huɗu: awo

Kada ki aika da tsohon siket a ce a bi shi, sai in kin sa shi a makon nan ya zauna daidai. Ki je a auna ki, sanye da irin kayan cikin da za ki sa da shi, ki tsaya yadda kike tsayuwa kullum, kada ki shanye ciki.

Ƙugu: a auna daidai inda kike son siket ya zauna. Wasu a kan cibiya, wasu ƙasa da ita. Ki nuna wurin da hannunki.

Mazaunai, abin da teloli ke kira hif: wurin da ya fi ko'ina faɗi, yawanci inci 7 zuwa 9 ƙasa da ƙugu. A yadin da ba ya miƙewa a ƙara aƙalla inci 2 na sakewa. In awonki 42 ne, siket ya zama 44. Jiki yana bajewa idan an zauna, waɗannan inci biyun su ne wurin zamanki.

Tsawo: daga ƙugu zuwa inda kike so, da takalmin da za ki sa. A auna gaba, a auna baya. Mai cikar baya tana buƙatar ƙarin inci ɗaya ko fiye a baya, in ba haka ba siket zai ɗage ta baya ya zubo ta gaba.

Na ƙarshe, wanda ba kasafai ake yi ba: ki yi taki ɗaya irin na tafiyarki ta yau da kullum, ki tsaya a haka, a zagaya tef a idon sawayenki biyu. Abin da ya bayar shi ne mafi ƙarancin faɗin da bakin siket ɗinki zai yi, ko da tsaga ko da ninki ko da baza.

Mataki na biyar: abin da za ki faɗa wa tela

Ki yi maganar nan tun yadin yana ninke, kafin almakashi ya taɓa shi. "Malam, don Allah a bar mini inci ɗaya da rabi a kowane gefe daga ciki." Jikin mace yana sauyawa da haihuwa da shayarwa da azumi, wannan rarar ita za ta sa a buɗe siket maimakon a bayar da shi. Ki nemi a saƙe bakin yadin daga ciki don kada ya zare. Ki nemi a sa wa maɗaurin ƙugu ƙyallen gam da ake mannawa da guga, don kada ya naɗe idan kin zauna. In cikinki yana hawa yana sauka, a sa roba a bayan ƙugu kawai, gaba ya zauna a shimfiɗe.

Shafi kuma, wato layinin, kada ki bari a zaɓa miki a bayan idonki. Araha ba ta ado. Shafin roba mai sheƙi yana riƙe zafi, a watan Afrilu za ki ji kamar ki tuɓe a hanya, da hunturu kuma busasshiyar iska tana sa shi manne wa ƙafa. Ki sayi na auduga marar nauyi da kanki, mai launin da ya bi yadin, a yi shi ya gaza siket da inci ɗaya. Leshi da duk yadin da haske ke ratsawa dole ne a yi musu shafi har ƙasa. Atamfa mai kauri a salon da ya sake ba ta buƙata, siket na ciki na auduga, irin fatarin da iyayenmu suka saba, ya wadatar. Zif ya kai inci 8 ko 9 don ya wuce mazaunai ba da kokawa ba, da ƙugiya a samansa. In kuma kina son aljihu, yanzu ne lokacin faɗa. Yana ɓoyuwa sarai a ɗinkin gefe na mai siffar A da mai tattara, amma a mai kama jiki bakinsa yana hangamewa.

Ɗinkin sallah da na anko, ki kai da wuri. Siket ɗin da aka ɗinka daren sallah ba a rataye shi, ba a gwada shi.

Mataki na shida: gwaji kafin ki cika kuɗi

Ki sa shi a shagon in akwai wuri, ko ki kai gida ki gwada a ranar. Ki dubi gabansa a madubi. In kin ga layukan tattara sun ratsa daga cinya zuwa cinya a kwance, ya matse a mazaunai. In yadi ya taru a ƙasan maɗauri ta baya, tsakanin ƙugu da mazaunai ya yi tsawo, a ɗage shi. In zif ya yi tudu yana lanƙwasa, an ja yadin wajen ɗinka shi, a kwance a sake. Ɗinkin gefe ya sauka a miƙe, in ya karkata gaba ko baya wani ɓangaren ya gaza. Ki zura yatsu biyu a maɗaurin ƙugu, su shiga ba da ƙyar ba.

Sai ki motsa. Ki zauna a kujera, ki zauna a ƙasa, ki durƙusa kamar za ki gaida babba, ki yi ruku'u, ki ɗora ƙafa ɗaya a kan benci. Ki tsaya a bakin ƙofa rana tana bayanki, wata ta duba miki ko ana ganin inuwar ƙafafunki. Duk abin da ya gaza, ki mayar cikin mutunci a gyara tun ragowar yadin tana hannun tela.

Mataki na bakwai: haɗa shi da sauran kaya

Ƙa'idar da ba ta cika ba da kunya ba ita ce, in ƙasa ya baje sama ya tsuke, in ƙasa ya tsuke sama ya sake. Madaidaici da fensir suna son riga mai ɗan tsawo da ta rufe mazaunai, ko mai feflum, wato 'yar baza a ƙugun riga, ko buba mai faɗi. Mai baza da mai tattara suna son rigar da ta tsaya a ƙugu ko ƙasa kaɗan, domin doguwar riga a kansu tana danne bazawar ta ƙara miki faɗi. Mai yanka shida yana tafiya da rigar da ta bi jiki ta sauka kan mazaunai. Ki kula da inda bakin riga ya tsaya: in ya yanke daidai wurin da kika fi faɗi, nan ido zai tsaya. Ya ɗan hau sama ko ya ɗan wuce.

Idan da hijabi mai tsawo kike fita, abin da ake gani daga siket ɗinki daga gwiwa ne zuwa ƙasa, don haka kuɗin ado a ƙugu asara ne, ki zuba kulawarki a faɗin baki da tsabtar kalmasa. Mai gyale kuma ta ɗauki launi ɗaya daga cikin ƙananan launukan atamfar, ba babban launin ba, ta nemi mayafi da takalmi a kansa. Siket ɗin kanti marar zane, baƙi ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, da na jins, su ne ke ɗaukar riga mai zane. Ana samun masu kyau a gwanjo, a Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, sai dai ki tafi da tef ɗinki, domin lambar da ke jikinsu ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ki shimfiɗa siket ɗin, ki auna faɗin mazaunansa, ki ninka biyu.

Tsawo ya bi takalmi. Da takalmi marar tudu, bakin siket ya tsaya wajen inci ɗaya sama da ƙasa. Wanda aka auna da mai tsini, in kika sa shi da silifa zai share titi, da damina kuma ya kwaso taɓo.

Wanki da ajiya

Atamfa a juya ta ciki waje, ruwan sanyi, sabulu marar ƙarfi, kada ta kwana a ruwa, a shanya a inuwa don rana tana koɗar da ita. A ja zif a rufe kafin wanki. Leshi mai duwatsu a wanke da hannu ba murɗawa, a goge ta baya a kan tawul. Shadda a rage kai ta ruwa, in an wanke a sa sitati a kai wa mabuga. Mai baza da mai yanka shida a rataye su ta ƙugu, a sa tela ya ɗinka musu 'yan igiyoyi biyu a cikin maɗauri don wannan. Mai ƙananan ninki kuma a naɗe shi a tsaye yadda ninkin ya bi, a zura shi cikin tsohuwar doguwar safa, a kwantar a akwati.